Abin da Na Gani a Kalaba, da Yadda Babban Taro Ya Kuɓuce wa Kano

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ba ni fili in amayar da wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni ungozoma ce, shekarata ashirin da bakwai ina aiki a ɗakin haihuwa a nan cikin Kano, kuma ni ce ma'ajin reshen jiha na ƙungiyarmu ta ma'aikata. Ba zan kama sunan ƙungiyar ba, domin ba tonon silili ne ya kawo ni ba, kuma na san abin da ya same mu yana samun ƙungiyoyin malamai da na 'yan kasuwa da sauransu.

A watan Oktoban bara aka kai babban taronmu na ƙasa Kalaba, babban birnin Jihar Kuros Riba. Tun ranar da takardar gayyata ta iso aka fara zame jiki. Wannan ta ce nisa, waccan ta ce maigida ba zai bari ba. Wata abokiyar aikina da muka yi makaranta tare ta ja ni gefe ta ce, "Haba Sista, me za mu ci a garin da ake cin kare? Ina ma za mu yi salla?" Kujerun wakilai arba'in aka ware wa reshenmu. Mu tara muka je.

Biyu daga cikinmu sun bi jirgi, sai da suka sauka Abuja suka canja wani kafin su isa filin jirgin Margaret Ekpo. Mu bakwai muka ɗauki shatar mota saboda sauƙin kuɗi. Mun tashi bayan sallar asuba, muka bi ta Jos da Akwanga da Lafiya, muka kwana a Makurɗi. Washegari muka miƙa ta Gboko da Ogoja da Ikom da Ugep. Ba zan ɓoye ba, tafiyar ta ba mu wuya, ƙafafuna sai da suka kumbura. Amma daga Ikom zuwa ƙasa ban sake runtsawa ba. Daji ne kore shar hagu da dama, ga gonakin koko, ga itatuwan kwakwar manja, can kusa da Kalaba kuma ga gonakin roba a jere kamar an ja layi da igiya. Ruwan sama ya tare mu a hanya, ya raka mu har cikin gari. Ruwan da ke sauka a Kalaba a shekara ya kai kusan ninki uku na wanda muke samu a Kano, shi ya sa ko bangon gida sai ka ga gansakuka ta kama shi.

An yi taron ne a babbar cibiyar taro ta ƙasa da ƙasa ta Kalaba, wadda aka gina zamanin Gwamna Liyel Imoke a kan wani tudu kusa da Tinapa, wurin kasuwanci da shaƙatawa da ke bayan gari. Wuri ne da tun asali don taro aka yi shi, ba zauren biki ba ne da aka kwashe kujerun amarya aka jera teburi. Akwai babban zaure, akwai ƙananan ɗakuna inda ake rarrabuwa rukuni-rukuni, masu maganar zubar jini bayan haihuwa suna nan, masu maganar jijjiga suna can, ba mai shiga muryar wani. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa ƙaramin abu ne. Ranar farko da azahar ta yi, ina neman lungun da zan shimfiɗa ɗankwalina, sai wata ungozoma 'yar garin, Kirista, cikin masu karɓar baƙi, ta kama hannuna ta kai ni wani ɗaki. Na tarar da tabarmi sababbi a shimfiɗe, butoci shida cike da ruwa a bakin ƙofa, an manna takarda a bango da kibiya tana nuna alƙibla. Ta ce mini ita da kanta ta je unguwar Hausawa ta sayo butocin, ta kuma roƙi wani malami ya zo ya daidaita musu gabas. Na rasa abin da zan ce mata sai godiya. Tabarmin nan an saye su ne da lissafin mutum arba'in daga Kano, ban da na sauran jihohin Arewa. Kunya ta kama ni da na ga yawancinsu a naɗe a jikin bango har aka tashi taro.

Zaure yakan riƙe mu ne daga ƙarfe tara na safe zuwa huɗu na yamma. Daga nan kuma sai gari ya karɓe mu, a nan ne na gane dalilin da ya sa ƙungiyoyi ke rububin kai taronsu can.

Daren farko muka ce wa direba ya kai mu inda 'yan uwanmu suke. Bai ko yi tambaya ba ya nufi Bogobiri, unguwar Hausawan garin. Muna sauka muka ji kiran sallar isha'i, ga hayaƙin tsire ya turnuƙe, ga mai shayi da tulin burodinsa, ga 'yan canji, ga masu goro, Hausa kawai ke tashi kamar kana Fagge. Wani dattijo mai sayar da hula da carbi, wanda ya ce asalinsa mutumin ƙasar Ƙaraye ne kuma ya haura shekara talatin a garin, da ya ji daga Kano muke sai ya sa yaro ya kawo mana benci. Ya ce, "Hajiya, sannunku da hanya. Mutanen gida ba sa leƙo mu, sai mu da neman abinci ya kawo." 'Ya'yansa suna jin Efik, yaren 'yan garin, kamar yadda suke jin Hausa. Shi ya nuna mana inda za mu sayi tuwon shinkafa da masa, ya kuma kwantar mana da hankali cewa mahautanmu suna nan suna yanka kullum. Maganar kare kuwa na tambaye shi kai tsaye. Ya ce ƙwarai akwai masu ci, ba su kuma ɓoye ba, amma wurarensu daban ne, ba wanda zai zuba maka a kwano ba ka nema ba. Daga rana ta biyu har miyarsu na ci, edikang ikong da afang, ganye ne zalla da manja da kifi da jatan lande. Ni da nake wa masu ciki wa'azin cin ganye kullum a wurin awo, na ga inda ake cinsa da gaske.

Yammacin rana ta biyu aka kwashe mu a motoci zuwa Marina, wurin shaƙatawa da ke bakin Kogin Kalaba. A ciki akwai gidan tarihin cinikin bayi. Na ga sarƙoƙi da mari, na ga siffar yadda ake jera mutane a cikin jirgin ruwa kamar buhuna, kai da ƙafa, a tsallaka da su teku. Kalaba tana cikin manyan tashoshin da Turawa suka riƙa ɗibar bayi a wannan gaɓar. Wata matashiya cikinmu ta fita waje tana share hawaye. Ni kuwa sai tunanina ya dawo gida, domin mu ma Kasuwar Kurmi ta ga irin nata cinikin, ta hanyar Sahara, amma ban taɓa ganin an tsayar da yaranmu an nuna musu ba. Daga nan muka hau tudu zuwa tsohon gidan Razdan, wanda yanzu gidan tarihi ne na ƙasa. Ginin katako ne da aka ƙera a Birtaniya, aka kawo shi gunduwa-gunduwa a jirgin ruwa, aka harhaɗa a 1884. Daga barandarsa kana hangen kogi da kwale-kwalen masunta. A garin nan Turawa suka fara kafa hedikwatar mulkinsu na kudancin ƙasar nan, kafin su mayar da ita Legas a 1906. Mai yi mana bayani yaro ne da bai wuce shekara ashirin da biyar ba, amma ya san kowane hoto da kowace takarda, ba ya ƙosawa da tambaya.

Inda ya fi taɓa ni a matsayina na ungozoma shi ne labarin Mary Slessor. Baturiya ce 'yar mishan daga Sukotlan, ta zo Kalaba a 1876, ta rasu a 1915, kabarinta yana garin. A wancan zamani, a wasu sassan yankin, haihuwar tagwaye abin tsoro ne, akan yar da jariran a kori uwar. Matar nan tana cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka aka daina, ta riƙa tsintar jariran tana raino a gidanta. Akwai mutum-mutuminta riƙe da tagwaye, akwai babban titi da sunanta. Addininmu ba ɗaya ba ne da ita, amma hannuna ya karɓi Hasan da Usaini ba adadi, na san guɗar da ake rangaɗawa a gidajenmu in an samu biyu, kuma na san nauyin jariri ɗan awa guda a tafin hannu. Na daɗe a tsaye a wurin. Abin lura, mutanen Kalaba ba su binne wannan tarihi don kunya ba, su suke kai baƙo su nuna masa. Haka suka nuna mana makarantar Hope Waddell ta 1895, inda Nnamdi Azikiwe ya taɓa karatu. Ita ma Margaret Ekpo da aka sa wa filin jirgi sunanta, 'yar gwagwarmayar mata ce irin su Hajiya Gambo Sawaba tamu.

Ba wai komai na can zinariya ba ne, kuma ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba. Tinapa, wadda aka buɗe a 2007 da niyyar ta zama kasuwar da ba a biyan haraji, mai manya-manyan rumfuna da wurin shirya fim da wurin wasan ruwa, kowa ya san ba ta kai inda aka so ba. An yi ta taƙaddama kan harajin kwastan, ga mashigin ruwan Kalaba da ba a yashe shi yadda manyan jiragen kaya za su riƙa shigowa ba. Gini ya tsaya, ciniki bai zo ba. Mu 'yan Kano mun san kasuwa ba da siminti ake kafa ta ba, ko Kantin Kwari mutane ne suka mai da ita abin da take. Sannan a takardun talla za ka ga hoton tsaunin Obudu da motarsa mai tafiya a kan igiya kamar a bayan gari yake, alhali yana can arewacin jihar, kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,500, tafiyar da za ta cinye maka wuni. Wasu wakilai sun zo da burin zuwa, suka koma ba su gani ba. In kuwa taro ya faɗo a Disamba, lokacin bikin kanibal na raye-raye da faretin kan titi da Gwamna Donald Duke ya faro a 2004, to kuɗin masauki sai wanda ya shirya. Shi bikin ba irin nawa ba ne, shigar da ake yi ba ta dace da tarbiyyata ba, amma ba zan musa cewa ya sa sunan garin a bakin duniya ba.

Na kuma fahimci abin da ya sa suke riƙe baƙo hannu bibbiyu. An miƙa yankin Bakasi, wanda a da yake cikin jiharsu, ga Kamaru a 2008, sannan a 2012 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Akwa Ibom rijiyoyin mai 76 da ake jayayya a kansu. Jihar da ta rasa kuɗin mai dole ta san darajar wanda ya zo ya kama ɗaki, ya hau tasi, ya ci abinci, ya sayi tsaraba. Mai tasi ya san haka, mai sayar da ayaba a Kasuwar Watt ma ta sani.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar ƙarshe aka zo zaɓen garin da zai karɓi taro na gaba. Kano ta nema, Uyo, babban birnin Jihar Akwa Ibom, ita ma ta nema. Da yawa suna ganin tunda an yi a Kudu, adalci ne a kai Arewa, har wasu daga jihohin Yarbawa sun faɗa mini haka a wurin cin abinci. 'Yan Uyo suka tashi suka haska majigi. Suka nuna zauren da za a zauna, suka nuna masaukai da farashinsu daki-daki, suka nuna babban filin wasansu da aka buɗe a 2014, suka nuna bakin teku na Ibeno, suka tuna wa kowa cewa jiharsu tana da kamfanin jirgin sama nata na kanta, Ibom Air, tun 2019. Har ranar da za a fita yawon buɗe ido da motocin da za a shiga sun tsara. Da aka zo kanmu, takarda ɗaya muka karanta: Kano cibiyar kasuwanci ce, Kano tumbin giwa, muna da jama'a, muna da zauruka. Duk gaskiya ne. Sai wata wakiliya ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce, "In an tashi ƙarfe huɗu, ina za ku kai mu? Mu da ba ma sa mayafi, za mu iya fita? Akwai cocin da za mu je ran Lahadi?" Muka kalli juna. Amsoshin duk muna da su a ciki, amma ba mu shirya su ba, kuma ba mu da yawan da za mu bi wakilai ɗaya-ɗaya mu kwantar musu da hankali.

Malam Edita, tambayar matar nan ita ce tambayar abokiyar aikina, an juya ta ne kawai. Ita tana tsoron Kano kamar yadda tawa take tsoron Kalaba, kuma dukkansu ba wadda ta taɓa taka garin da take tsoro. Bambancin shi ne 'yan Kalaba sun zauna sun yi tunanin abin da zai dami baƙuwa Musulma, suka sayi buta tun kafin ta iso. Mu ba mu yi wa tasu baƙuwar wannan tunanin ba. Da ƙuri'a goma sha huɗu Uyo ta kayar da mu. Kujerunmu talatin da ɗaya suna nan babu kowa a kai. Har muka iso Makurɗi a hanyar dawowa ba mai magana a motar.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba abin nunawa muka rasa ba. Wace ungozoma ce daga Kalaba za a kai ta marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafin kafuwarta tun 1498, ta ga dattijo zaune a bakin rami yana tsoma zane a baba yana ɗagawa, ta ji bugu yana tashi daga rumfar masu bugu, ta koma gida ba labari? Ga Gidan Makama, ga Gidan Rumfa, ga Kurmi da lungunanta na dukawa da masu turare da 'yan tasa. A hau da ita Dala da yamma ta ga birni a shimfiɗe. A kai ta Dawanau ta ga inda wake da riɗin da take saye a garinsu suke fitowa. Hawan Sallarmu UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake taskacewa a Disambar 2024. Kano tana cikin wuraren da jirgin sama ya fara sauka a ƙasar nan, a 1925. Coci kuwa, Sabon Gari cike take da su, kuma 'yan uwanta suna can shekara da shekaru suna kasuwanci. Wurin zama ma ba mu rasa ba: akwai zaurukan Jami'ar Bayero, akwai Gidan Mambayya a Gwammaja, akwai rufaffen ɗakin wasa na filin Sani Abacha, akwai filin baje koli na titin Gidan Zu, ga manyan otal-otal.

Don haka ni ba kira nake a ciwo bashi a gina mana katafaren zaure a bayan gari ba. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, darasin Tinapa ya ishe mu. Abin da nake roƙon hukumomin da ke kula da yawon buɗe ido a jihar nan bai kai haka tsada ba. A samar da teburi guda inda ƙungiyar da ke son jawo taro za ta je ta karɓi hotuna da jerin masaukai da farashi da tsarin zagaya gari, kada kowa ya tafi da takarda ɗaya kamar yadda muka yi. A horar da yaranmu masu digirin tarihi da ke zaune ba aiki su zama masu yi wa baƙi bayani, irin yaron nan na gidan Razdan. A gyara banɗakuna a wuraren tarihi, domin mace baƙuwa wannan take fara dubawa, ni ma shi na fara dubawa a can. A kuma dubi abin da ya rage na badala, wadda muke kallo tana zaizayewa ana zuba mata shara. Taron mutum dubu na kwana huɗu abinci ne ga mai adaidaita sahu da mai kilishi da mai ɗinki da mai otal, ba alfarma muke wa baƙin ba.

Ga 'yan uwana mata ma'aikata kuma, da mazajenmu da iyayenmu masu ba da izini, don Allah a sassauta. Na san tsoron hanya gaskiya ne, na san halin da ake ciki, ban kuma ce mace ta kama hanya ita kaɗai ba. A haɗa ayari, a tafi da rana, a kwana inda ya dace, wadda za ta iya ta tafi da muharraminta. Maigidana da kansa ya raka mu tasha, ya karɓi lambar direba, yana kira duk bayan sa'o'i har muka sauka. A irin waɗannan tarukan ake yanke shawarar da ta shafi aikinmu da ƙarin girmanmu da horon da za a ba yaranmu, kuma ba a ƙirga ƙuri'ar wadda ta zauna a gida.

Taro na gaba dai Uyo za a yi, ba makawa. Tun watan da muka dawo na buɗe adashi a reshenmu don kuɗin mota da masauki, kowane ƙarshen wata ana zubi, zuwa yanzu mutum goma sha bakwai sun shiga, har da abokiyar tawa mai tambayar abinci, bayan na nuna mata hotunan Bogobiri. Mun kuma kafa kwamitin mutum biyar da zai shirya neman da za mu sake yi a can. Ita kuwa baiwar Allah da ta sayo mana butoci, ta ga zanen rini da na ɗaura ranar rufe taro ta ce sai na kai ta inda ake yinsa. Mun yi waya makon jiya, ta ce in ta samu hutu za ta zo da ƙanwarta lokacin sanyi. Na riga na gyara musu ɗakin baƙi, na kuma yi wa wani marini magana a Ƙofar Mata ya ajiye mini zane biyu masu kyau.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.

Wassalam.

Daga wata ungozoma,
Unguwar Ɗorayi, Kano.